Nemesio da Gonar Kamfani

Da rana tsaka motar kasuwa ta sauke Nemesio a gaban rumfata, da leda ɗaya a hannu. Sai da ya yi magana na gane shi.

"Leonilde, har yanzu gahawarki ruwa ce zalla?"

"Ashe kurkuku bai gyara maka baki ba," na ce, na tura masa kujera.

Tare muka tashi da shi a nan tsaunukan Cauca. Shekarar da gahawa ta yi kwantai, ya shuka tabar wiwi a bayan ayabarsa, kamar kowa. Da sojoji suka zo, manyan da ke saye suka sulale, shi aka samu da fartanya a hannu. Yana ɗaure matarsa Otilia ta rasu. 'Yarsu ta tafi birnin Cali aikatau, daga baya ta daina ɗaukar waya.

Yana kurɓar gahawa idonsa ya faɗa kan fararen rumfunan leda da ke tsallaken hanya, an kewaye su da waya.

"Wancan fa?"

"Kamfani ne. Wiwi suke nomawa."

Ya tuntsire da dariya, ya zaci tsokana ce.

"Ta magani ce, da izinin gwamnati. Ƙasar waje ake kai ta. Ma'aikatansu ne ke cinye mini arepa, wainar masarar da nake toyawa, kullum."

Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon wurin har gahawar ta huce.

Ranar Litinin ya ari farar rigar marigayi mijina, ya je kamfanin neman aiki. Bai jima ba ya fito.

"Yarinyar da ke ofishin tana da ladabi," ya ce. "Har kujera ta ba ni. Wai ƙa'idar kamfani ce, ba sa ɗaukar wanda aka taɓa ɗaurewa a kan wiwi."

Ma'aikata sun fito cin abinci lokacin, nan take musu ya ɓarke. Wilmer mai ban-ruwa ya ce a halatta komai kowa ya huta, masu bindiga su rasa abin sayarwa. Doña Aura, abokiyar aikinsa, ta ce ba zai faɗi haka ba da ya ga ƙanenta da ƙwaya ta lalata yana kwana a ƙarƙashin gada.

"Don Nemesio, kai ka sha wuyar abin," in ji Wilmer. "Me ka ce?"

"Ku yi ta musunku," ya ce. "Ni abin da ke damuna, ranar da gwamnati ta sauya shawara, ba wanda ya leƙo kurkuku ya gaya mana."

Kowa ya sunkuyar da kai ga kwanonsa.

Ba a yi mako ba wasu samari biyu a kan babur suka hau gidansa. Suka ce za su ba shi irin wiwi da taki, ya yi musu noma a can saman dutse. Ya ba su ruwa suka sha, ya ce gwiwarsa ba ta hawan tudu yanzu.

Ya gyara rabin rufin gidan, ɗaya rabin ya bar shi, tunda ɗaki ɗaya yake kwana. Ya shuka wake da masara. Ya daina saukowa rumfata sai ranar Lahadi, da kamfani ke rufe, hanya ba kowa. In ya zo sai ya juya kujerar ta kalli bango, ya tambaye ni yadda aka yi jana'izar Otilia, su wa suka zo, wa ya ɗauki akwatin gawar. Duk mako nakan faɗa masa, tun daga farko.