Talabijin Ɗin da Ke Kwana a Silin

Jama'ata, barkanku da hutawa. Ku matso, yau na zo muku da na Surajo mai walda na Tudun Wada.

A shekarar casa'in da biyu Alhaji Mudi, dillalin masara, ya sayo talabijin daga Kano. Kwana uku yaransa suka karya eriya, akuya ta tauna waya. Surajo ya bugi ƙirji a majalisa, ya ce zai sa akwatin nan ya riƙa hawa cikin silin da kansa, ya sauko in an kira shi. Aka yi masa dariya har da riƙe ciki. Ɗanmaraya mai shayi ya ce in dabarar ta yi aiki, shayin wata guda kyauta. In akwatin ya faɗo, Surajo ya bar walda ya zo ya riƙa wanke masa kofuna.

Mutumin naku ya samo injin gogen gilashi na matacciyar Fijo, da sarƙar keke, da batirin mota. Ya yi sati yana auna nauyin talabijin da sikelin masara. Ya haɗa, ya gwada, ya mayar sama, ya ce ranar Juma'a bayan la'asar kowa ya zo.

Falon Alhaji ya cika. Surajo ya yi bismilla ya danna maɓalli. Silin ya buɗe tsaf kamar murfin akwatin amarya, amma sai injin ya fara nishi, sarƙa na ƙara. Gumi ya karyo masa. Wannan ba nauyin da ya auna ba ne.

"Malam Injiniya, soso da sabulu na nan na ajiye maka," in ji Ɗanmaraya.

Sarƙa dai ta riƙe. Talabijin ya sauko a hankali, ya tsaya cak. A kansa kuwa wata ƙatuwar samira ce, maƙil da soyayyen naman layya, wanda Hajiya Hajara, matar Alhaji, ta gaya wa kowa ya ƙare tun makon jiya.

Daga bayan labule ta ce, "To ni ina laifina? Duk gidan nan nan ne kaɗai yara da kyanwa ba sa kaiwa."

Surajo ya sha shayinsa wata cur, da madara biyu. Matan garin Kiru da na Ƙofa har aike suke yi a haɗa musu irin wannan dabara, su da ko rediyo ba su da ita.

To ku, da ku ne Alhaji, za ku raba naman ko ku danna ya koma sama?