Gwaggo Ba Ta Aikin Komai

Maigidan yana tsaye a tsakiyar falo da safa ɗaya a ƙafa, ɗayar kuma tana hannun autarsa tana share majina da ita. Ƙaurin shinkafa ya cika gidan, matarsa na kicin tana buga tukwane kamar su suka yi mata laifi. Tun shekaranjiya aka kwantar da Gwaggo a asibiti, bayan ta zame a wurin wanki.

Gwaggo yayar maigidan ce. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan, aka share mata ɗakin tsofaffin katifu. Ita ce girki, ita ce wanki da guga, ita ke raka yara makaranta, ita ke tuna wa kowa inda ya jefar da kayansa. Amma in baƙo ya tambayi sana'arta, sai maigidan ya yi murmushin masu kyauta ya ce ai ba ta aikin komai, hutawa take, shi ke riƙe da ita.

* * *

Da yamma suka je dubiya, rigarsa da shatin dutsen guga a ƙirji.

"Yaya, ya jiki? Wai ina kike ajiye gishiri?"

Kafin ta amsa, matarsa ta tambayi yadda ake lallashin auta ta yi barci, babban yaron kuma yana son sanin inda takalminsa yake. Gwaggo tana kwance da ƙafa a naɗe tana ba da amsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba.

A gadon kusa akwai wata mai gidan abinci da ta karye a hannu. Ta yi dariya har sai da karayar ta motsa, sannan ta tambaya ko baiwar Allahn nan ma'aikaciyarsu ce. Maigidan ya gyara tsayuwa ya maimaita karatunsa: ba ta aikin komai.

"To, madalla," in ji matar. "Dama ina neman wadda ba ta da aiki."

Bayan sun tafi, Gwaggo ta daɗe tana kallon tafin hannunta da sabulu ya cinye. Shekara da shekaru tana cin abincin gidan nan a ɗarare, tana jin kanta kaya a wuyan ƙaninta. Ashe ita ke ɗauke da gidan a ka, ba ko gammo.

Ranar da ta warke ta ɗaure kayanta, za ta kama aiki a gidan abincin matar nan ta asibiti. Maigidan ya tare ƙofa yana tambayar abin da zai gaya wa mutane.

"Ka ce musu na gaji da hutu."

* * *

Da ta zo gaishe su bayan wani lokaci, ta tarar sun ɗauki mai aiki, wata doguwar mata da ba ta wanki, ba ta guga, kuma ƙarfe huɗu na yi take rataya jakarta. Matar ta dire wa Gwaggo kofin ruwa, rabi ya zube a tebur.

Maigidan ya yi wuf ya miƙe. "Sannu da aiki, sannu da ƙoƙari. Allah ya saka da alheri."

Gwaggo ta tsura wa bakin ƙaninta ido. Ashe ya iya faɗa. Ta ɗauki kofin, ta ga da sauran maiƙo a bakinsa, ta juya ɗaya gefen ta sha.