Hoton Ranar da Yunus Ya Ɓata

Ɗan acaɓan bai gama tsayawa ba Ya Fanne ta sauko, har zanenta ya kama ƙarfen baya. Ta nufi ɗan ofishin da ke gefen tsohon filin jirgi, inda aka kewaye wasu fararen akwatuna da waya, sai ka ce akuya za ta cinye su. Shekararta hamsin da ɗoriya a Potiskum, ba ta taɓa sanin akwai waɗanda gwamnati ke ba albashi don su riƙa kallon sama ba.

Yau kwana arba'in da ɓatan Yunus, ɗanta tilo. Fataucin shanu yake yi, ya shiga can cikin Nijar ya sayo, ya kawo kasuwar Potiskum. A tafiyar ƙarshe motarsu ta mace a cikin rairayi arewa da Gure. Su huɗu ne, ruwa ya ƙare, shi kuma da ya fi su sanin hanya ya ɗauki jarka ya nufi wata rijiya. Bai yi awa ɗaya da tafiya ba guguwar rairayi ta taso, irin wadda mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Bayan kwana biyu masu raƙuma suka tsinci sauran ukun. Yunus kuwa ko jarkar ba a gani ba.

Alhaji Saleh, ƙanen marigayi mijinta, ya yi haƙuri da ita har ya gaji. Jiya ya ce mata gobe bayan la'asar malamai za su taru a yi wa yaro addu'a, a raba sadaka, domin barinsa haka babu addu'a zalunci ne. Ita kuma ta hana a jiƙa geron gumba. A ganinta ranar da aka daka gumbar nan, ranar ta kashe shi da hannunta. Ta roƙi a ba ta zuwa azahar, don ta ji a rediyo cewa akwai tauraron ɗan Adam da ke ɗaukar hoton irin wannan guguwa daga sama, kuma an ce mata hotunan suna zuwa ofishin masu duba yanayi. Abin da ya ga guguwa, ai ya ga wanda ke cikinta.

Ma'aikacin da ta tarar, Malam Bilyamin, siriri ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ya ba ta kujerarsa, ya saurare ta har ta gama. Sannan ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa, alhali babu abin da ya same shi.

"Iya, hotunan nan ba irin na mai hoto ba ne," in ji shi a hankali.

"Ko wane iri ne, ɗana, nuna mini. Ni na haife shi, ko ta ƙeya zan gane shi."

Ya buɗe kabad ya fito da wani ƙunshin takardu. Ya ce daga hedikwata ake aiko musu da kwafi ta gidan waya, don su gwada da abin da suka rubuta a littafinsu, kuma sai sun yi mako uku a hanya. Ya tambaye ta ranar, ta faɗa masa har da lokacin, tsakanin azahar da la'asar. Ya zaro guda ya shimfiɗa a tebur.

Ya Fanne ta sunkuya. Ta zaci za ta ga tuddan rairayi da mota da mutane ƙanana. Abin da ta gani toka-toka ne kawai, da wani farin abu da ya kwanta a karkace kamar an zubar da kunu a tabarma. Bilyamin ya ɗora bakin fensir ya nuna mata Tafkin Chadi, ya nuna inda Potiskum take, ko da yake babu komai a wurin. Farin nan, in ji shi, shi ne guguwar. Daga can gabas ta taso, kuma tsawonta ya fi daga nan zuwa Kano.

"To, shi yana ina?"

Ya matsar da fensirin zuwa tsakiyar farin, ya tsaya. Ya ce wajen nan ne, amma faɗin farcenta a takardar ya ɗara tafiyar yini biyu a ƙafa. Tauraron yana da nisa ƙwarai, ko kasuwar shanu da cikarta ba za ta fito ba. Kowane rabin awa yake ɗaukar hoto, dare da rana, amma ƙura da gajimare aka sa shi ya duba.

"Kowane rabin awa," ta maimaita. "Ashe yana kallonsa tun daga farko har ƙarshe."

Ya Fanne ba macen da ake kora da magana ɗaya ba ce. Ta ce a ba ta na ranar da ƙurar ta lafa. Ya zaro na kwana biyu bayan haka. Farin ya tafi, ƙasa ta fito fili. Ta sa shi ya sake nuna mata wurin, ta ɗauki takardar ta kai bakin taga.

Nan ta gan shi. Wani ɗan ɗigo baƙi, bai kai ƙwayar gero ba, kusa da inda fensirin ya taɓa. Shi kaɗai ne a cikin duk filin nan. Ta ce ga shi, ga shi nan a tsaye, kuma a tsaye yake ba a kwance ba. Bilyamin ya leƙo ta kafaɗarta.

"Yunus," ta ce, ta ɗora ɗan yatsanta a kai, yadda take taɓa goshinsa yana yaro idan tana duba zazzaɓi.

Da ta ɗaga yatsan, wurin ya zama fili kamar sauran. Ɗigon yana manne a fatarta. Baƙin garin injin kwafi ne ya ɗiga a takardar.

Ta daɗe tana kallon yatsan. Ba ta yi kuka ba, Bilyamin ne ya juya ya shiga gyara takardun da ba su hargitse ba. Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, ta fita. Ba ta hau acaɓa ba, da ƙafa ta taka har unguwarsu Hausari a cikin rana, hannun damanta a dunƙule cikin mayafi.

A zaure ta tarar da Alhaji Saleh ya sa an shimfiɗa tabarmi. Ya miƙe yana dubanta.

"A jiƙa geron," ta ce, ta wuce ciki.

Ladan ya kira azahar. Wata maƙwabciya ta ajiye mata buta a gindin bango. Ya Fanne ta tsuguna, ta buɗe hannunta, ɗigon yana nan a kan yatsa. Matan gidan suka yi salla suka idar, turmi ya fara amsawa a tsakar gida, ita tana nan tsugune riƙe da butar. Sai can ta yi bisimilla ta karkata ta.