Suruka a Ƙarshen Layi

Ajinmu na tsofaffin mata ne. Da hantsi ake yin sa, bayan hada-hadar kasuwar safe ta lafa, kafin yara su taso daga makaranta su cika zauren da ihu. Zauren yana saman kantin magani, a titin da ke gangarawa tashar jiragen ruwa ta Tongyeong, kuma mai kantin ya ce wurin ya dace da mu, duk wadda ta goce ƙashi sai ta gangaro kawai. Dukkanmu 'yan kasuwa ne, masu kifi da masu ganyen teku irina, da wata mai ɗinkin barguna. Gwiwoyinmu suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma takwando muke koyo, dabarar faɗa da shuri da naushi, kuma ba da wasa ba.

Malamarmu Pyo Seon-hwa ce. Gajeriya ce, ba ta da jiki, amma in ta buɗe murya har masu jiran bas a ƙasa sai sun gyara tsayuwa. Ba ta zagi, ba ta duka. Suna take kira. "Yeo Gil-ja! Shuri kike yi ko kaza kike kora?" Ni ce Gil-ja, kuma a ajin nan babu sunan da ya sha kira kamar nawa. Ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Sai dai in ta kira ki, za ta zo ta durƙusa ta kama diddigenki ta juya shi inda ya kamata, ta dafa ƙugunki, ta sa ki maimaita har abin ya zauna. A haka na wuce farar ɗamara da rawaya, na kai matakin koriya.

Da sanyi ya wuce sai Yaya ta ce ita ma za ta shiga. Rumfarta tana jikin tawa, busassun ƙananan kifi take sayarwa. Tun da aka kawo ta aure daga tsibirin Namhae duk kasuwa 'Yar Namhae ake ce mata. 'Ya'yanta Inna suke cewa, jikoki Kaka, ni kuma Yaya don ta girme ni, shi kuwa mijinta har ya bar duniya "ke" yake ce mata. Rabin rayuwata muna zaune kafaɗa da kafaɗa, amma ban san sunanta ba sai ranar da aka kawo farar rigarta na gan shi a ɗinke a ƙirji: Bong Mal-sun. Irin sunan da iyaye kan sa wa 'ya mace ne in sun gaji da haihuwar mata.

Matsalar ɗaya ce. Malama matar autan Yaya ce, gida ɗaya suke, tukunya ɗaya.

A zaure ba a tsayuwa da shekaru, da ɗamara ake tsayuwa. Yaya ta ɗaura fara ta je ƙarshen layi, bayan mai barguna, wadda kusan sa'ar 'yarta ce. Aka ce a rusuna wa Malama, muka rusuna. Ka'ida ita ce Malama ta ɗan sunkuyar da kai ta karɓa. Tana haɗa ido da surukarta sai ta lanƙwashe har ƙugu. Yaya ta ga haka ta ƙara yin ƙasa, Malama ta ƙara, Yaya ta ƙara. Da ban yi tari ba da goshi a ƙasa za mu same su.

Aka zo kiran suna. Malama ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ta amsa da ƙarfi. Da ta iso ƙarshen layi sai muryar ta narke.

"Inna, kin iso lafiya? Benen bai wahalar da ke ba?"

Ba wanda ya yi mamaki. Wace matar ɗa ce za ta buɗe baki ta kama sunan uwar mijinta? Ni da na yi zama da tawa surukar har ta rasu, ko a zuciya ban taɓa kama shi ba.

Haka aka ci gaba. Shurin Yaya ko gwiwa ba ya kaiwa, Malama ta ce, "Da kyau, Inna." A jerin takun da muke haddacewa, inda ake juyawa hagu Yaya ta juya dama, Malama ta ce, "Haka ma ya yi, Inna." In aka ce a ƙame a tsayuwar mahayin doki har cinya ta ɗauki rawa, sai a jawo wa Yaya kujera. Da gwajin farko ya zo aka ba ta allon da za ta fasa, siriri da ko jariri ya zauna a kai zai tsage, ta taɓa shi ya rabu, aka ɗaura mata ɗamara rawaya, muka tafa. Ta yi kwanaki tana rataye ta a rumfa kusa da buhunan kifi.

Wata rana bayan darasi muna shan romon kifi a bayan kasuwa, sai ta ajiye cokali.

"Ke mai baki, me ya sa ni ba a yi mini tsawa?"

"Yo Yaya, ai kin iya ne. Mu daƙiƙai ake yi wa."

"Kar ki maida ni sakarya. Na ga kaina a madubi. Ke da ƙafarki ta fi tawa gajarta, yau kina kai ƙirji."

"Ni fa da kunnena na biya. Kullum Gil-ja, Gil-ja, kamar na ci bashi."

"To ni shi nake so," in ji ta. Ta ɗauki cokalinta ta ci gaba da sha.

Daga nan Yaya ta fara neman faɗa da gangan. Ta zo a makare tana tauna busasshen kifi. Ta ɗaura ɗamara ƙullin yana baya. Aka ce naushi ta kai shuri, aka ce a yi kuwwa ta yi hamma. Kun san a kan wa abin ya ƙare?

"Yeo Gil-ja! Kina rikita Inna. Matsa gefe, ki yi tsallen kwaɗo har bango!"

Na yi tsallen kwaɗo, ni mai jikoki biyar a duniya. Ina kaiwa bango na waiwayo na ga Yaya tsaye, ba dariya a fuskarta. Ranar ce na daina ɗaukar abin a matsayin wasa, don na ga abin yana cin ta. Kullum tana hawa benen nan da ƙyar, tana riƙe da ƙarfe, ta zo ta tsaya cikinmu, amma kamar baƙuwar da aka shimfiɗa wa tabarma take, ba ɗaliba ba. Na ji tausayinta, na kuma ji haushin cinyoyina.

Da kaka ta ƙare aka shiga aikin kimci, kabejin da ake cuɗawa da gishiri da barkono a ajiye don hunturu. Kowane gida yana gayyar maƙwabta, ni kuma duk shekara gidan Yaya nake fara zuwa. Tsakar gida cike da kabeji, robobi, barkono da tafarnuwa. A nan Malama ba Malama ba ce, Uwar Du-ri ce, da safar roba har gwiwar hannu, a tsugune gaban surukarta.

Yaya ta ɗauki kabeji ɗaya daga cikin waɗanda aka jiƙa da gishiri, ta lanƙwasa ganyen, ya karye ƙas.

"Uwar Du-ri! Wannan kika kira jiƙaƙƙe? Gindin ake cika wa gishiri, ba bakin ganye ba. Sau nawa zan faɗa?" Ta kama hannunta ta cusa shi tsakanin ganyayen. "Nan. Ji da yatsanki. Sake duka robar."

"To, Inna."

Na ce, "Haba Yaya, yarinyar nan fa kimcinta ya fi na kowa a layin nan. Har ni roƙo nake zuwa."

"Ya fi na kowa mana. Wa ya sa ya fi?" Ta juya ta dubi matar ɗanta. "Shekarar da kika zo gidan nan kin tuna abin da kika haɗa? Ko kare ya ƙi ci. Da na ce miki da kyau, da har yau ruɓaɓɓen kabeji kike ba jikokina. Ni ban yi miki rowa ba. To ni a can saman kantin magani me kike ba ni?"

Malama ta sunkuyar da kai, kunnuwanta sun yi ja.

"Inna, bakina ba zai iya ba. In babata ta ji na tsaya gaban mutane na kama sunanki ina miki tsawa, ba za ta ƙara kallona ba. Baban Du-ri ma da wane ido zan dube shi?"

"Baban Du-ri ni na haife shi, bar ni da shi."

"Inna, ki yi haƙuri."

Yaya ba mai roƙo ba ce. Ta ce a miƙo mata barkono, aka ci gaba da aiki. Da yamma muka ci dafaffen nama naɗe da sabon kimci, aka yi hira aka yi dariya kamar ba a yi komai ba.

Ranar darasi na gaba Yaya ta zo da farar ɗamara. Ta ninke rawayar ta ajiye a kan teburin Malama da hannu biyu, ta wuce ƙarshen layi, bayan wata sabuwa da ta shigo jiya-jiya. Malama ta dubi ɗamarar, ta dubi bango. Ba ta ce da kyau ba ranar. Haka suka yi ta yi har gwajin hunturu ya zo, ɗaya ba ta yabo, ɗaya ba ta zama a kujera. Ni kuwa na samu hutu, sunana ya ɗan sarara.

Ranar gwaji zauren ya cika. 'Ya'ya da jikoki sun zauna a jikin bango da manyan riguna, Baban Du-ri yana cikinsu. Malama tana bayan tebur da baƙar ɗamararta da ta koɗe. Ka'idar gwaji, sai an kira cikakken sunanka za ka fito tsakiya. A wancan karon da hannu ta nuna wa Yaya wuri. Yanzu ta kira mai barguna, ta kira ni, na fasa allona a shuri na biyu na koma ina haki. Ta kira sabuwar. Saura mutum ɗaya.

Malama ta miƙe tsaye. Ta buɗe baki ta rufe. Yaya tana ƙarshen layi, hannuwa a gefe, idonta a gaba, ba ta da niyyar motsawa ko za a kwana. Wani jika ya fara kuka aka toshe masa baki da alewa.

"Bong Mal-sun!"

Gilashin taga sai da ya amsa. Baban Du-ri ya zabura kamar shi aka kira.

"Na'am, Malama!" Yaya ta fito da sauri har tana tuntuɓe.

Ta fara jerin taku. Da aka zo juyin nan ta juya dama, kuma wannan karon ba da gangan ba ne, na ga fuskarta.

"Bong Mal-sun! Hagu! Hannun da ba kya cin abinci da shi! Daga farko!"

Ta koma daga farko. Aka kawo allo, mai kauri irin namu, mai barguna ta riƙe. Yaya ta kai shuri, allon ko gezau. Ta sake, yatsunta suka bugu, ta cije leɓe. Malama ta zagayo tebur ta durƙusa a gabanta, ta kama ƙafar surukarta da hannu biyu ta tanƙwara yatsun sama.

"Da nan ake bugu, ba da yatsu ba. Gwiwa ce ke fara tashi. Wata nawa kina nan ba ki san wannan ba?"

"Ba a koya mini ba, Malama."

Wata a bayana ta shaƙe da dariya. Malama ba ta ɗaga kai ba. "To yau an koya miki. Sake."

Ta sake. Gwiwar ta tashi daidai, ƙarar ma ta canza, amma allon bai fashe ba. Malama ta miƙe ta koma bayan tebur.

"Ba ki ci ba. Za ki zauna a fara sai gwaji na gaba. Gobe ki riga kowa zuwa."

Yaya ta haɗa ƙafafu ta rusuna har ƙugu. Malama ta tsaya ƙyam, ta ɗan sunkuyar da kai kawai ta karɓa.

Da aka tashi muka sauko tare, Yaya tana ɗingishi, ta dafa kafaɗata da hannu ɗaya, ɗayan yana kan ƙarfe. Mai kantin magani ya leƙo ya ce yaya gwaji, ta ce masa, "Na faɗi!" da murya kamar mai shelar haihuwa. Daga sama muka ji Malama tana gudu tana kira, "Inna, rigar sanyinki, Inna, tsaya a duba ƙafar!"

Na ce, "To Yaya, buƙata ta biya? An kunyata ki gaban jikoki, ga yatsa ya kumbura."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon titi, tana murmushi, idanunta sun cika.

"Ke mai baki," in ji ta, "a asibiti suna kiran sunana, amma a hankali, kamar zai fashe. Rabon da wani ya kira sunan nan da faɗa tun babata tana da rai, ina wasa a bakin teku ta fito nemana."

Ta share fuska da hannun riga, ta juya ta miƙa wa matar ɗanta hannu a sa mata rigar.