Gayyar 'Yan Aji

Ranar da jami'ar gwamnati za ta zo, Anacleto ya ƙi cire hularsa a aji.

"Seu Anacleto, ɗalibi ba ya zama da hula," in ji jikata Tainara, tana buga allo da tsinken rogo. Shekarunta tara.

"Ko a coci rabi nake cirewa, 'yar nan. Sanƙona na jin kunyar baƙi."

"Ki bar masa abarsa," in ji Dona Quitéria daga bencin gaba. "In ya cire, ƙyallin zai kashe wa matar gwamnati ido, a ce laifinmu ne."

Tsofaffin ƙauyen duk muna nan, a jere cikin rumfar da muke shanya cuku, ƙaramin cikinmu ya haura saba'in. Aka yi dariya, ban da 'yata Zuleide, uwar Tainara. Tana tsaye bakin ƙofa tana murza gefen rigarta. Ita kaɗai ke riƙe da abin da ya tara mu: idan matar nan ta hukumar kula da yara ba ta gamsu da karatun da ake yi a gidanmu ba, ko dai Tainara ta bar ƙauyen, ko uwarta ta tsaya gaban alƙali.

Ni kuwa hankalina ya tafi kan wani gizo-gizo da ya saƙa yanarsa a kusurwar allo. Kullum yana wurin, bai taɓa makara ba.

* * *

Makarantar ƙauyenmu Tatu Manco, inda na yi aji biyu kafin fartanya ta kira ni, an daɗe da rufe ta. Suka ce yara sun yi kaɗan, za a riƙa aiko mota tana kai su gari. Yanzu kabewa ce ta shiga ta taga, ta haifi ɗa a kan teburin malami. Nakan leƙa in ga yadda yake girma.

Motar ta yi ta zuwa har daminar da rafi ya tafi da gadar katako. Daga nan ba gada, ba mota. Masu yara suka ɗaure kaya, gida bayan gida, suka koma gari. Zuleide ta ƙi. Mijinta na kwance a bayan coci, shanun da ya bari kuma ba za su iya zaman ɗakin haya ba. Ta yi sakandare, don haka ta fara koyar da 'yarta a teburin kicin. Ana nan sai saƙo ya zo cewa doka ba ta san karatun gida ba, kuma za a turo mai dubawa.

Sai ta shiga wata ƙungiya a waya, ta iyaye mata masu koyar da 'ya'yansu a gida. Waya a nan ba ta kamawa sai a kan tudun coci, shi ma sai ka ɗaga hannu sama. Kowace yamma sai ka hango Zuleide tsaye kusa da gicciye kamar mai rantsuwa. Matan ƙungiyar 'yan birni ne, masu kirki da yawan magana. Suka ce ta ware ɗaki, ta sami ƙwallon taswirar duniya, ta riƙa ɗaukar hotuna. Wata ta ba da shawarar a sa yarinyar a wurin koyon iyo. Zuleide ta dubi rafin ta ce wannan kam muna da shi har ya yi yawa.

Duniyar ni na yi ta, da babban duma. Na zana ƙasashe yadda na tuna su, na sa Tatu Manco a tsakiya, faɗin tafin hannu. In ka girgiza ta, 'ya'yan cikinta suna ƙara. Na daɗe ina zargin ta gasken ma haka take.

Wata rana Zuleide ta sauko daga tudu jikinta a sanyaye.

"Baba, sun ce tambayar farko da ake yi ita ce, ina abokan karatunta. Ana so a ga tana cuɗanya."

A wurinmu, in masarar mutum ta fi ƙarfinsa, ba ya zama yana tagumi. Yakan yanka kaza, ya dafa wake, ya kira gayya. Haka muke rufin ɗaki, haka muke ɗaukar gawa.

"To a kira gayya mana," na ce.

"Yara ake so, Baba."

"Da muna da su ai da mun kawo. Wa ya taɓa ƙin gayya don hannunsa ya tsufa?"

Niyyarmu mu zauna sau ɗaya a ɗauki hoto, mu ci kaza mu watse. Amma Tainara ta gano cewa in ban da ni, ba mai iya karanta ko sunansa. Ta karɓe tsinken daga hannun uwarta. Washegari Dona Quitéria ta fito da ƙararrawar tsohuwar makaranta, wadda ta ɓoye a ƙarƙashin gado tun ranar da aka rufe. Tun daga nan gayyar ba ta watse ba. Zuleide ta koyar da 'yarta da safe, 'yar ta juye mana da hantsi, har da tsawa.

* * *

Jami'ar ta iso a kan alfadarin aro, takalmanta a hannu, laka har gwiwa. Motarta ta tsaya a ƙetaren rafi. Sunanta Dona Valdirene. Aka ba ta kofi da burodin cuku, ta ci ba tare da ta yi yanga ba, sannan ta shigo rumfar.

Muka miƙe kamar yadda aka koya mana, kowa da ƙarar gwiwarsa. "Barka da zuwa, Malama."

Ta tsaya. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ciji leɓe.

"Waɗannan fa?"

"'Yan ajinsu ne," in ji Zuleide, murya ƙasa ƙasa.

"To. Wa ya fi ƙoƙari?"

"Ni," in ji Dona Quitéria.

"Satar amsa take yi, ranki ya daɗe," in ji Anacleto.

"A wurin wa? A wurinka, da kake rubutu kamar kaza ta bi ta kan toka?"

"Shiru," in ji Tainara. Aka yi shiru.

Dona Valdirene ta miƙa wa yarinyar littafin da ta zo da shi. Tainara ta karanta ba gargada, har tana sauya murya in wani ya yi magana. Aka ba ta lissafi, ta yi. Dona Quitéria ba wanda ya tambaye ta, ta tashi ta rubuta sunanta a allo, harshe a waje, ta koma ta zauna tana fifita. Jami'ar ta ɗauki dumana ta jujjuya, ta girgiza shi kusa da kunne.

"Ina babban birnin ƙasa a nan, Seu Belarmino?"

"Ban taɓa ganinsa ba, ranki ya daɗe. Ban so in yi masa ƙarya."

Ta yi dariya har ta share ido. Na dubi Zuleide, na ga kafaɗunta sun sauka. Na ce a raina gayya ta ci.

Sai matar ta durƙusa gaban yarinyar. "Tainara, in an tashi, da wa kike wasa?"

"Da Seu Anacleto. Amma ban da guje-guje, saboda gwiwarsa. Ɓuya muke yi."

"Yana iya gano ki?"

"A'a. In ya rufe ido yana ƙirga, barci ke ɗauke shi. Sai in jira, in jira, in na gaji in fito da kaina."

Duk muka kwashe da dariya, Anacleto na cewa sharri ne. Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ba komai. Na saba."

Dariyar ta yanke. Zuleide ta juya fuskarta ga cukun da ke jere a bango.

A waje, ƙarƙashin bishiyar gwaba, Dona Valdirene ta yi magana a hankali.

"Ta fi yawancin 'yan gari karatu, wannan ba shakka. Amma in na rubuta karatun gida, maganar ta koma hannun alƙali. In kun sa ta a makarantar gari, shi ke nan, maganar ta mutu a nan."

"Gadar fa?" na tambaya.

"Gada ba ta ofishinmu ba ce."

"To a buɗe mana tamu makarantar."

"Ba a buɗewa sai da yara."

"Yaran ai rufewar ce ta kore su."

"Na sani, Seu Belarmino. Ni ma a irin ƙauyen nan aka haife ni. Yanzu ko a taswira babu shi."

Na so in ce ta faɗa mini sunansa in sa mata a duma, akwai sauran fili kusa da teku. Amma Zuleide ta riga ni. Ba jami'ar take kallo ba. Bayan randar ruwa take kallo, inda yarinyar ke ɓuya.

"Yayata Dalva na gari," ta ce. "Tana da yara uku. Za ta karɓe ta."

* * *

Ranar Lahadi bayan coci muka raka ta rafi. Ta bi mu ɗaya ɗaya tana ba da aikin gida. Na miƙa mata duman, ta girgiza shi sau ɗaya, ta mayar mini.

"Ku riƙe, Kaka. Ku ne ba ku gama ba."

Uwarta ta goya ta suka ƙetare, ruwa har ƙugu. Da yamma Zuleide ta dawo ita kaɗai, ta wuce wurin shanu.

Litinin da hantsi na ji ƙararrawa. Na ɗauka kunnena ne, don yakan yi mini haka. Da na leƙa rumfar, duk suna nan a bencinsu. Rubutun Tainara na allo, ba wanda ya goge. Gizo-gizon ma ya zo. A bayan katanga muna jin Zuleide tana matse cuku, ba ta shigo ba.

Na zauna a wurina. Ba wanda ya ɗauki tsinken rogon.

Can sai Anacleto ya kai hannu ya cire hularsa, ya ɗora a gwiwa. Rana ta biyo ta ramin kwano ta sauka a tsakiyar sanƙon. Dona Quitéria ta dube shi, ta buɗe baki, sannan ta mayar ta rufe.