Ƙwayoyin Kaka

Na yi shekaru ina tuƙa babbar mota, na ga birki ya tsinke a gangare, na ga gada ta karye a gabana, amma ban taɓa jin tsoro na gaske ba sai ranar da na ɗaga robar maganina na ji ta sakayau.

Maganin hawan jini ne. Irin robar nan ce mai gida-gida, kowace rana da gidanta. Da dare na cika ta, da safe na sha na ranar, na ajiye ta kan kujerar tsakar gida na shiga wanka. Da na fito na tarar duk murafen a buɗe, babu ko ƙwaya ɗaya. Yaro ɗaya ne kuma a gidan: jikata, 'yar shekara huɗu, wadda muke kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa.

Na ƙwalla wa ubanta kira. Ɗana mai walda ne, ya saba magana cikin ƙarar inji, ko gaisuwa zai yi sai maƙwabta sun amsa. Ya fito da takalmi ƙafa ɗaya, ya ga robar, ya damƙi kafaɗar yarinyar.

"Ke! Kin sha maganin Kaka?"

Ta gyaɗa kai.

"Kin sha? Ko ba ki sha ba?"

Ta sake gyaɗa kai.

"Guda nawa? Buɗe bakinki! Yi magana mana!"

Aku da ke damun gida da surutu tun asuba, sai ga ta ta zama gunki. Idanu kawai take zarewa. Ni ma ban taimaka ba, don ina gefe ina cewa a kawo manja, a kawo madara, a sa mata yatsa a maƙogwaro. Duk abin da na taɓa ji a tasha sai da na zazzage shi.

Surukata ta fito daga kicin hannunta duk kumfa. Ta yi karatun koyar da ƙananan yara kafin aure, ba ta taɓa kama aikin ba. Ni a lissafina na direba, motar da aka saya aka jingine asara ce, kuma haka nake kallon takardar tata, ko da yake ban taɓa faɗa mata ba.

Ta dubi robar, ta dubi 'yarta, sannan ta yi magana a natse.

"Baba, kada a ba ta komai, kada a sa ta amai. Baban Aku, sake ta. Je ka fito da mota, asibiti za mu. Kafin ka juyo da ita, ku bar ni da ita."

"Ana maganar rai kina cewa a bar ki da ita?" in ji ɗana.

"Ka tambaye ta ta ce e, ka juya tambayar ta ce e. Me za ka gaya wa likita? Je ka, don Allah."

Ya fita yana huci. Ita kuwa ta goge hannu a zani, ta zauna daɓas a ƙasa, har kanta ya zo daidai da na yarinyar. Ba ta ambaci sha ba, ba ta ambaci laifi ba. Ta ɗauki robar ta rufe murafen, tana jujjuya ta kamar yau ta fara ganinta.

"Kai, wannan murfi da tauri yake. Ni na kasa buɗewa. Ta yaya ake yi ne?"

Aku ta saci kallona. Na gane, na juya baya ina duban bango kamar mai neman tsaga. Sai na ji ƙas, murfi ya buɗe.

"Iye! Ashe ke gwana ce. Da kika buɗe, sai me ya faru?"

A waje motar ta yi tari ta mutu, ɗana ya sake murza makulli. Ni dai ji nake kamar in fizgi yarinyar in ruga da ƙafa. Uwar ba ta ƙara ko kalma ba, ta jira. Ban san jira aiki ne ba sai ranar.

"Sirri ne," in ji Aku, can ƙasa-ƙasa.

"To kada ki faɗa. Nuna min kawai."

Ta kama ɗan yatsan uwarta ta ja ta bayan tankin ruwa, ina biye da su. A can ga kwalin ƙwai an cika shi da ƙasa, kowane rami an danna shi da yatsa an lallaɓe.

"Gonar Kaka ce," ta ce. "Malama ta ce in ka sa wake a ƙasa yana haifar da yawa. Kaka kullum yana cewa layin kantin magani yana karya masa baya. In ya tsiro, sai ya riƙa tsinka a gida."

"Kin ba su ruwa?"

"Sai yamma ake bayarwa. Ke ba ki sani ba?"

Surukata ta tona ramin farko da farce, sai ga farar ƙwaya a bushe. Ta miƙo min robar. "Baba, mayar da kowace gidanta, mu gani ko akwai gidan da zai rage." Tana tonowa ina sakawa, har gidajen suka cika. Na safiyar nan da na sha da bakina ne kaɗai babu.

"Ko lasa ba ki yi ba?" in ji uwar, sai yanzu.

Aku ta yatsine fuska. "Ana cin iri ne? Ai sai gonar ta lalace."

Nan surukata ta jingina da tankin, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ɗana ya shigo a guje yana cewa mota ta tashi, ya ga robar a cike da ƙwayoyi masu ƙasa-ƙasa, ya zame ya zauna a kan bokiti. Da ya samu numfashi ya ce da matarsa, a karo na farko da na ji shi yana magana a hankali, "Ta yaya kika san ba ta sha ba?"

"Ban sani ba. Abin da aka koya mana shi ne, yaro in ya tsorata, amsar da ke fuskarka yake ba ka. In kana son gaskiya, ka ba shi abin da zai nuna."

Duk da haka ta kira likita a waya ta karanta masa sunan maganin, ya ce a sa ido a kan yarinyar zuwa yamma, a kuma zubar da waɗanda suka sha ƙasa. Ta zaunar da Aku a cinya ta gaya mata magani ba ya tsiro, kuma ba a taɓa shi sai babba na wurin. Ɗana ya ɗauko guduma ya kafa ƙusar rataye magani can sama kusa da silin, inda ni kaina sai na yi ɗage.

Mai gona dai ba ta yafe ba. Ta tsaya kan kwalinta da aka tone, hannu a ƙugu, ta harare ni.

"Tsohon nan, an ɓata maka gona kana dariya?"

Na ce, "Amarya, ai ni yau ko layin ya kai bakin titi, da waƙa zan bi shi. Ɗauko takalminki ki raka ni, mu biya mu sayo wake."