Robar da Ta Saki

Likita ya juya hoton zuciyar wajen mai ɗinki, tunda mijinta ya ƙi kallo. Ya ce a kowace ƙwayar tsoka akwai wani furotin mai suna titin, babu mai tsawonsa a duk jikin mutum. Shi ke riƙe zaren tsoka a mazauninsa, in an ja ya dawo da shi. Na mijinta guntu ya zo, shi ya sa zuciyar ta buɗe ta kasa komawa.

"Kamar robar wando ke nan," in ji ta.

"Kusan haka. Kuma ana gadonsa. Ku kawo 'yarku a duba ta."

Wannan maganar a ƙofar asibiti ta yar da ita. Murna ce ta cika mata ciki, ko kunya ba ta ji ba. Ƙato fa, mai ɗaga ƙarfe, wanda tun da ta haifa masa tilon 'yarsu yake jan fatar cikinta gaban abokansa yana cewa roba ta saki, su kwashe da dariya. Yau ga shi ƙafafu sun kumbura, sa takalmi ma sai ya huta.

Ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Ta kwashe magungunansa ta kai ɗakin ɗinkinta a saman bene. Kullum sai ya rarrafo matakala, ya tsaya a tsakiya yana haki, ita kuwa tana zare tsohuwar roba daga wandon mutane.

"Ka ga irin wannan? Ba a gyara ta. Shara ake kai ta."

'Yar ce ta ga abin ya isa. Budurwa ce mai zafin nama, ta shiga sato masa maganin, tana hawa da sauka a guje. Uwar ta sani, ta ƙyale.

Ranar nan ta ji takun ya tsaya a tsakiyar matakala. Ta leƙo. Yarinyar na dafe da bango, ɗaya hannun a ƙirji, tana irin hakin uban da uwar ta haddace. Almakashi ya suɓuce mata.

Ƙato na zaune a ƙasa. Ya dubi 'yar, ya ɗago ya dubi uwar, sai ya yi murmushin da rabonsa da shi tun asibiti.

"Kyan ɗa ya gaji ubansa," in ji shi. "To, ita ma sharar za ki kai ta?"